Gobarar Dejon Da Sha'anin Ajiyar Ko-ta-kwana

Ran Jumma'a 26 ga watan Satumba na shekarar 2025, da dare, bayan ƙarfe takwas kaɗan, wuta ta tashi a hawa na biyar na wani babban gidan Gwamnati a birnin Dejon, cikin ƙasar Koriya ta Kudu. Gidan nan shi ne hedkwatar hukumar da ke riƙe da injunan bayanai na Gwamnatin ƙasar, watau a cikinsa ne a ke tsare da kashi mai yawa na takardun ofisoshi, daga nan ne kuma a ke yi wa talakawa hidimomin da su kan nema ta hanyar intanet. Ma'aikata ne su ke cikin kwashe batura, irin waɗanda ke riƙe wa injuna wuta in lantarki ya ɗauke, za su sauke su zuwa ɗakin ƙasa don a raba su da injuna saboda gudun gobara, sai ɗaya ya yi tartsatsi ya kama. Batir na litiyom kuwa, in ya kama, ba ya mutuwa da wuri, ko an kashe ya kan sake ruruwa. Sai da 'yan kwana-kwana suka yi kusan sa'a 22 kana suka ci ƙarfinta ɗungum.

Da gari ya waye aka ce hidimomin Gwamnati 647 sun tsaya cik, daga baya da aka sake ƙidaya aka tarar sun kai 709. Aikin gidan waya ya rikice, katin shaida da mutane ke ɗauka cikin wayar hannu ya ƙi buɗuwa, shafin da a ke neman takardun hukuma ya rufe, ma'aikata suka koma ga alƙalami da takarda. Bayan kwana biyu Shugaban ƙasar, Lee Jae-myung, ya fito ya nemi gafarar jama'a.

Injunan da suka ƙone abin saye ne, an kuwa sayo waɗansu, hidimomi suka yi ta komowa ɗaya bayan ɗaya. Amma akwai abin da ya tafi wanda kuɗi ba su mai da shi, shi ne kuwa ya sa labarin nan ya cancanci a tsaya a yi masa duban tsanaki, domin ya shafi kowace jami'a, da kowane asibiti, da kowace ma'aikata da ta damƙa aikin shekarunta ga inji.

Ma'anar Waɗansu Kalmomi

Kafin a shiga cikin zancen, ya kamata mai karatu ya rarrabe abubuwa uku da a kan cuɗanya.

Na farko ita ce uwar garke. Wannan kwamfuta ce wadda ba a zama gabanta a yi rubutu, tana can cikin ɗaki mai sanyi tana aiki dare da rana, sauran kwamfutoci da wayoyi na aiko mata da bukata tana biya musu. Duk wanda ya duba sakamakon jarrabawa ko ya aika da kuɗi ta waya, da wata uwar garke ya yi magana ko da bai sani ba.

Na biyu ita ce gawurtacciyar kwamfuta ta masu bincike. Wannan tarin dubban injuna ne da aka ɗaure da wayoyi masu sauri, su taru su yi lissafi ɗaya tare. Da irinta a ke kintacen ruwan sama da guguwa, da ita a ke gwada magani tun ba a haɗa shi ba, da ita kuma a ke karanta ƙwayoyin gado na mutum da na shuka.

Na uku ita ce ajiyar ko-ta-kwana, watau kofe na biyu na abin da ke cikin injunan nan, wanda a ke juyawa a kai wani wuri dabam, don in na farko ya salwanta a ɗauko shi a ci gaba da aiki. Manomi ya san wannan tun kaka da kakanni, shi ya sa ba ya zuba irin shukar baɗi cikin rumbun da a ke ɗiba kullum.

Mudun da a ke awon bayanai da shi kuwa ga yadda ya ke: megabait 1,000 su ne gigabait ɗaya, gigabait 1,000 su ne terabait ɗaya. Rubutu zalla na littafi mai shafi 500 bai fi kamar megabait ɗaya ba, saboda haka terabait ɗaya ya ɗauki rubutun littattafai wajen miliyan guda.

Abin Da Ya Tafi A Dejon

Daga cikin tsare-tsaren da ke gidan, 96 ne wuta ta cinye kai tsaye. An ba da labari cewa 95 daga cikinsu suna da kofe a wani wuri. Guda ɗaya ne ba shi da shi, shi ne rumbun da a ke kira G-Drive, inda ma'aikatan Gwamnati fiye da 100,000 ke ajiye takardun aikinsu, an yanka wa kowa gigabait 30. Abin da ke ciki ya kai terabait 858. An kuwa hori ma'aikata su riƙa ajiya a can maimakon kwamfutocin ofisoshinsu, domin a tsare asirin hukuma. Ma'aikatar da ta fi kowace bin umurnin nan, watau mai kula da ɗaukar ma'aikata da ƙarin girmansu, ita ta fi kowace shan hasara, aikin shekara wajen takwas ya tafi, akawuna suka shiga tsince-tsince cikin tsofaffin wasiƙu da takardun da aka taɓa bugawa ko a sami abin da za a farfaɗo da shi.

Da aka tambayi dalilin da ya sa ba a yi wa rumbun nan kofe ba, sai amsa ta zo cewa girmansa ya yi yawa.

Abin da ya ƙara wa al'amarin ɗaci shi ne an riga an ga irinsa. Ran 15 ga Oktoba na 1922 ba a san kwamfuta ba, amma ran 15 ga Oktoba na 2022, shekara uku kacal kafin gobarar Dejon, batir na litiyom ya kama wuta a wani gidan injuna a Pangyo, kusa da Seoul, hanyar saƙo ta Kakao wadda kusan kowane mutumin ƙasar ke amfani da ita ta katse. A lokacin nan Gwamnati ta yi wa kamfanin faɗa, ta tsananta wa 'yan kasuwa doka a kan su tanadi gida na biyu. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Hukuma ta tilasta wa waɗansu su shafa, nata gemun ya zauna a bushe.

Uzurin Girma

To, shin terabait 858 ya fi ƙarfin a juya shi? Lissafi ne zai ba da amsa. Akwai wani irin tef na maganaɗisu da a ke kira LTO, wanda manyan ma'aikatu ke ajiya a kansa. Samfurinsa na tara, wanda ya fito kasuwa a 2021, kaset ɗaya da bai fi tafin hannu faɗi ba yana ɗaukar terabait 18. In an raba 858 gida 18, sai a ga kaset 48 sun isa, abin da mutum ɗaya zai sa cikin akwati ya ɗora bayan mota.

Adalci ne a faɗi cewa aikin bai tsaya ga sayen kaset ba. Rumbun da dubban mutane ke sāke-sāke a cikinsa kullum, mai miliyoyin ƙananan fayiloli, juya shi na bukatar waya mai faɗi, da injin karanta tef, da ma'aikaci wanda aikinsa ke nan. Duk wannan kuɗi ne. Amma kuɗi ne irin wanda ƙasa kamar Koriya ta Kudu, wadda kamfanoninta ke ƙera kashi babba na ƙwayoyin ajiyar kwamfuta na duniya, ba za ta ce ya gagare ta ba.

Hujja mafi ƙarfi tana wajen masu binciken ƙwayar zarra na cibiyar CERN, a bakin iyakar Suwizalan da Faransa, kusa da birnin Janeba. Suna da wani inji a ƙarƙashin ƙasa, zobe ne mai kewayen kilomita 27, bayanan da ke fitowa daga gare shi sun ninka na G-Drive sau ɗaruruwa. A 2023 suka ba da sanarwa cewa faya-fayan ajiyarsu sun kai eksabait ɗaya, watau terabait miliyan guda. Duk da haka ka'idarsu ita ce ɗanyen sakamakon gwaji a rubuta shi bisa tef a nan gida, a kuma aika da kofe na biyu zuwa manyan cibiyoyi na waɗansu ƙasashe, cikin wata haɗaka ta cibiyoyi wajen 170 a ƙasashe fiye da 40.  Ashe girma ba ya hana ajiya, sai dai in ba a yi niyya ba tun farko.

Nisan wuri kuma sharaɗi ne. Cikin daren 10 ga Maris na 2021 wuta ta cinye ɗaya daga gidajen injuna na kamfanin OVH a birnin Sitirasbur na Faransa, ta kuma taɓa na kusa da shi, miliyoyin shafukan intanet suka ɗauke. Waɗansu masu haya sun biya kuɗin ajiyar ko-ta-kwana, hankalinsu kwance, sai daga baya suka ji ashe asali da kofe a gini ɗaya su ke, sun ƙone tare. A 2023 kotun ciniki ta birnin Lil ta hukunta kamfanin ya biya diyya ga waɗansu daga cikinsu. Bayanan dai ba su komo ba.

Kiyoto: Mai Tsaro Ya Yi Ɓarna

Kada mai karatu ya zaci wuta kaɗai ce abar tsoro. Abin da ya faru a Jami'ar Kiyoto ta ƙasar Japan ya nuna wata ƙofa dabam, wadda ba hayaƙi ba ƙara. Jami'ar nan tana cikin mafi daraja a duniya wajen binciken kimiyya, malamanta da yawa sun ci lambar Nobel, a 2021 kuwa tana da gawurtacciyar kwamfuta wadda kamfanin Hewlett Packard Enterprise ke lura da ita.

An rubuta wa injin wani jerin umurni wanda aikinsa shi ne ya juya ajiyar ko-ta-kwana, in ya gama kuma ya share 'yan takardun rajistar aikin kansa waɗanda suka wuce kwana goma. Ma'aikatan kamfanin suka yi wa jerin nan gyara, suka sāke sunan da ke nuna wurin da za a share, suka ɗora sabon bisa tsohon alhali kuwa tsohon yana tsakiyar aiki. Injin ya karanta farkon umurni daga tsohon jeri, ragowar daga sabo, sai sunan wurin ya zama wofi. Da bai tarar da sunan ɗakin da aka ce ya share ba, sai ya kama sharar gidan baki ɗaya. Daga yammacin 14 ga Disamba na 2021 har azahar ɗin 16 ga wata yana ta shara. Kafin a farga fayil wajen miliyan 34 sun tafi, nauyinsu terabait 77, na ƙungiyoyin bincike 14. Jami'ar ta ce huɗu daga cikin ƙungiyoyin nan ba a iya mai musu da nasu daga ajiya ba. Kamfanin ya amsa cewa laifin duka nasa ne. Ɗan hakin da aka raina, shi ya tsone ido.

Fa'idar da ke cikin wannan labari babba ce. Akwai irin ajiyar da a ke kira ta madubi, watau duk abin da aka yi a rumbu na farko sai a maimaita shi a na biyu. Tana da amfani in faifai ya lalace. Amma madubi ba ya zaɓe, in an share a nan, ba da jimawa ba zai share a can. Saboda haka bayan hasarar nan jami'ar ta ce ba za ta ƙara dogara ga madubi kaɗai ba, za ta riƙa tsare kofe na kwanakin baya, yadda in ɓarna ta auku yau a iya komawa ga na jiya.

Landan: Ɓarayin Da Ke Neman Fansa

Ƙofa ta uku ita ce ta maƙiyi. A ƙarshen Oktoba na 2023 wata ƙungiyar 'yan fashin intanet mai suna Rhysida ta kutsa cikin injunan Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya a Landan, wanda ke riƙe da littattafai da takardu da sauran kaya fiye da miliyan 170. Rahoton da ɗakin ya fitar a Maris na 2024 ya ce galibin zato ta wata uwar garke suka shiga, wadda aka buɗe don masu aiki daga nesa, ba a kuwa sa mata kulle na biyu ba bayan kalmar sirri. Suka kwashi bayanai wajen gigabait 600, suka kulle waɗansu, suka lalata injuna don su ɓad da sawu, suka nemi fansa ta kuɗin bitkoyin 20, kimanin fam 600,000. Hukumar ɗakin ta ƙi biya, su kuma suka watsa abin da suka sata.

A nan an yi ajiya, kofen taskar ya tsira. Sai dai injunan da za a zuba shi a ciki sun mutu, manhajoji da yawa kuma sun tsufa har masu su sun daina gyaransu, ba su hawa bisa sabon inji. Kundin neman littattafai bai komo ba sai tsakiyar Janairu na 2024, shi ma a taƙaice, waɗansu hidimomi kuwa sun fi shekara ba su tashi ba. An kiyasta kuɗin farfaɗowa tsakanin fam miliyan 6 da 7, ninki goma ke nan na abin da ɓarayin suka nema. Ɗalibai masu rubuta kundin digiri a ƙasashe da yawa suka zauna jiran tsammani.

Wannan hasara ta taɓa ƙasar Hausa. Tun 2004 ɗakin karatun nan ke gudanar da wani shiri na ceton takardun da ke cikin haɗarin lalacewa a ko'ina cikin duniya, a ƙarƙashinsa kuwa an ɗauki hotunan tsofaffin takardu na Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da rubuce-rubucen ajami na waƙoƙin Fulatanci na zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Da injunan Landan suka faɗi, aka daɗe ba a iya kaiwa ga hotunan ta intanet. Abin da ya rage zafin abin shi ne ka'idar da shirin ya kafa tun farko, cewa takardun asali su zauna a ƙasarsu, a kuma bar kofen hotunan a hannun wata ma'aikata ta can. Tambayar da ta rage kan masu riƙe da irin waɗannan kofe a gida ita ce ko suna nan lafiya, ko kuwa suna kan wani faifai cikin durowa wanda ba a kunna ba shekara goma.

'Yan fashin yanzu sun gane cewa ajiyar ko-ta-kwana ita ke hana a biya su, don haka ita su kan fara nema. A Yuni na 2024 aka kai hari ga hukumar ɗakunan gwajin asibiti ta Afirka ta Kudu, wadda ke yi wa kashi 80 cikin 100 na mutanen ƙasar hidima, aka share sassan injunanta har da na ajiya. Likitoci suka yi makonni suna karɓar sakamakon gwajin jini ta tarho da takardar hannu, aka ɗage yi wa waɗansu majinyata aiki. Kofen da ke manne da waya ɗaya da asali, hannun da ya kai ga wannan zai kai ga wancan. Kaset ɗin da aka zare aka kulle cikin kabad kuwa, ba ɗan fashin da ke iya taɓa shi daga wata ƙasa.

Me Ya Sa A Ke Sakaci?

Koriya da Japan da Faransa da Ingila ba matalauta ba ne, ba kuwa jahilai ba. Dalilin yana ga yadda a ke raba kuɗi da yabo.

Tun 1993 a ke fitar da jerin kwamfutoci 500 mafi sauri a duniya, sau biyu a shekara, Yuni da Nuwamba, ƙasashe na tsere a kai kamar sukuwar salla. A 2020 injin Fugaku na birnin Kobe a Japan ya hau kan gaba. A 2022 injin Frontier na Amurka ya zama na farko cikin jerin da ya yi lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa ɗaya, aikin da in mutanen duniya biliyan takwas suka taru, kowa na yin lissafi ɗaya kowace daƙiƙa ba barci ba hutu, sai sun shekara huɗu kana su gama. A Nuwamba na 2024 El Capitan, shi ma na Amurka, ya karɓe tuta. Afirka ma ta shiga, Afirka ta Kudu ta buɗe Lengau a 2016, Maroko ta buɗe Toubkal a 2021. Duk waɗannan abin murna ne, aikinsu kuwa na gaske ne. Amma ba wani jeri da ke yaba wa ƙasar da ta fi kowace iya mai da bayananta bayan masifa.

Sabon inji ana yanka masa ƙyalle, minista ya zo, a ɗauki hoto. Ajiya kuwa, in ta yi aikinta daidai, ba abin da ke faruwa, ba kuwa wanda a ke yi wa ƙarin girma don ba abin da ya faru. Haka nan kuɗin bincike ya kan zo da wa'adi, shekara uku ko biyar, a sayi inji a ciki, wa'adi ya ƙare, bayanai su zauna ba mai biyan kuɗin tsaronsu. Kuɗin ajiya na kowace shekara ne, kamar harajin gida, don haka in aka zo tsuke kasafi shi a kan fara yankewa, domin yanke shi ba ya ciwo a ranar. Sa'an nan ga rashin mai alhaki tsayayye: mai bincike na zaton masu injin sun yi kofe, masu injin na zaton kamfani ya yi, kamfani kuwa na nuna takardar yarjejeniya wadda ba wanda ya karanta.

Abin Da Ya Wajaba Ga Shugabanni

Ba kome ne ya cancanci kofe ba, faɗin haka kuwa ba sakaci ba ne. A gawurtattun kwamfutoci akwai wurin zube na wucin gadi wanda da gangan a ke barinsa ba ajiya, domin abin da inji ya lissafa, in ya ɓata, a kan sake lissafa shi. Abin da ba ya sakuwa shi ne wanda aka ɗauko daga duniya sau ɗaya: awon ruwan sama na wata shekara da ta wuce, sakamakon jinin majinyacin da ya riga ya rasu, muryar dattijon da aka ɗauka yana ba da tarihin garinsu, hoton takardar da gara ta ci daga baya. Aikin farko na kowace hukuma shi ne ta zauna ta rarrabe waɗannan biyu a rubuce. Da an yi haka a Dejon, ko da an ce rumbun duka ya yi girma, da an tsame abin da ba shi da madadi.

Masu wannan sana'a suna da tsohuwar ka'ida mai sauƙin riƙewa: kofe uku, bisa irin ma'aji biyu dabam dabam, ɗaya kuwa a wani wuri mai nisa. Labaran da suka gabata sun ƙara mata sharuɗɗa. Na Kiyoto ya ƙara cewa a tsare na kwanakin baya. Na Afirka ta Kudu ya ƙara cewa ɗaya ya zama a yanke ya ke daga waya. Na Landan ya ƙara cewa a tanadi inda za a zuba kofen, a kuma san kwana nawa aikin zai ci.

Sharaɗin da ya fi duka wuyar cikawa shi ne gwaji. Ajiyar da ba a taɓa ɗaukowa aka buɗe ba, zato ce kawai. Sau da yawa a kan tarar kaset ɗin wofi ne, ko mabuɗin sirrinsa na wurin ma'aikacin da ya bar aiki, ko kuwa aikin juyawa ya tsaya tun watanni ba wanda ya lura. Maganin wannan shi ne a sa rana, ko sau biyu a shekara, a ɗauka kamar injin ya ƙone, a ce wa ma'aikata su tashe shi daga kofe, a riƙe agogo a ga sa'a nawa za su yi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shugaban jami'a, ko babban sakataren ma'aikata, ko mai kula da asibiti, ba lalle ne ya san yadda a ke haɗa waya ba. Abin da ke kansa shi ne ya kira mai lura da injuna, ya tambaye shi a gaban majalisa, a kuma rubuta amsar cikin littafin taro: ina kofe na biyu ya ke, kilomita nawa ne tsakaninsa da nan, wa ke iya share shi, yaushe aka gwada shi na ƙarshe, kwana nawa kuma za a yi kafin aiki ya komo in ginin nan ya ƙone yau da dare? In amsa ta zo da kame-kame, to, kuɗin sabon injin da a ke shirin saye a fara cire na ajiya daga ciki, kana a sayi abin da ragowar ta isa.